Ingilishin da Na Koya Don Uwarku

Akwai maganar da ke yawo a gidan nan wadda nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, don na ji ta da kunnena a bakin babbarku tana ba ƙannenta labari tana dariya. Wai shekarar da aka kawo uwarku Gaya ban so ta ba, wai sai da Idi ya sa baki aka shirya mu. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ƙarin gishirin Idi ne, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa ba da labari ya bar kansa a baya ba. Ga yadda aka yi. Ɗan Ingilishin da za ku gani a ciki uwarku ce ta gyara mini rubutunsa, don ni Hausa kawai na koya a karatun manya.

Ni 'yar Zabori ce, kuma kakata ce ta raine ni. Tsohuwa ce mai kunya ta ƙin ƙarawa, irin ta mutanen da. A wurinta mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi aure kuma ba ta tasa matarsa gaba da hira. In kina son mutum sai ki kau da kai, ki aika masa da abin da ya fi kyau a tukunyarki. Da wannan na tashi, da shi na zo Gaya da aure, da shi na haifi babanku. Har yau ban kira sunansa ba, kuma ba a takardar nan zan fara ba. A Gaya kuwa, garin da Dendawa da Zabarmawa da Yarbawa da mu duk muke cuɗanya a kasuwa ɗaya, mata sun sha gaya mini cewa tawa kunyar ta yi yawa. Nakan ji su in yi murmushi, a raina kuwa ina ganin su ne suka rasa tarbiyya.

Babanku a lokacin albasa yake kai wa kudancin Najeriya. A can, a Auchi, ya ga Latifa uwarku. Kakanku ya riga ya rasu, saboda haka ƙanensa ne ya je ɗaurin auren, ya dawo yana yabon gidan, ya ce Musulmi ne masu mutunci, sai dai yarinyar ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, ba ta jin Faransanci, yarensu kawai da Ingilishi. Ban damu da wannan ba ko kaɗan. Murna ce ta cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Shekarar ce na tara kwanon rufin ɗakina, sai na sa aka rufe nata da shi, ni na ci gaba da tara ruwan damina a roba. Na shafe ɗakin da farar ƙasa da hannuna, na tsallaka gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin na zaɓo mata labule sau biyu, don na farkon da na kawo gida sai na ga bai kai ba.

Ranar da suka iso, da hantsi ne, ina tsaye a tsakar gida da matan unguwa. Motar ba ta gama tsayawa ba yarinyar nan ta fito a guje, doguwa, baƙa, mai wushirya, ta zube a gabana ta rungume ƙafafuna tana cewa, "Mama! Mama!" Matar ɗana na fari, a gaban mutane, ga shi kansa tsaye a bakin zaure! Na ja mayafi na rufe fuska, na zare ƙafafuna a hankali, na faɗa ɗaki. A ciki na yi sujada ina hawayen daɗi, ina cewa Allah ya ba ni 'ya. Ban san a waje tana nan durƙushe ba, tana kallon labulen da na saki a bayana.

Haka muka yi wata bakwai. Kullum da safe in na je bakin gulbi, kifin da ya fi kyau a kwale-kwalen Sarkawa nake zaɓa, in dawo in yi jira sai na ji ta shiga wanka, in ajiye a ƙofarta in koma da sauri. Ashe ita ta ɗauka mijinta ne ke aikowa. In ta fito tsakar gida sai in tuna da wani aiki a ɗaki. In ta gaishe ni, na amsa ina kallon katanga. Wata rana ta sayo doya, ta daka sakwara da kanta, ta yi miyar agushi irin ta garinsu, ta kawo mini ta durƙusa. Na ce, "A ajiye." Ta tsaya tana jira in ɗanɗana. Ina ni ina cin abinci a gabanta? Da ta gaji ta fita, na rufe ƙofa na cinye tas, na suɗe kwanon, ban taɓa cin miya irin wannan ba. Na wanke kwanon fes na kai mata shi wajen tukwanenta ba ta gani ba. Da cikinta ya fito kuwa sai na ƙara ja baya, don jikan fari na ɗan fari ba abin da kaka za ta nuna ta gani ba ne. A ɓoye na yi ta ɗinka 'yan riguna ina cusawa ƙarƙashin katifa. Ni a ganina babu surukar da ake ji da ita a Gaya kamar tawa.

Idi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara babu abin da ba ya gaya mini. Ya ɗan yi makaranta a Kamba, can ƙetaren iyaka, daga baya ya tuƙa babbar mota shekara da shekaru tsakanin Gaya da Legas da Gana, har gwiwa ta ajiye shi. Shi kaɗai ne a dangi yake iya hira da uwarku. In ya zo sai in ji su suna ta dariya a inuwar darbejiya, in ji daɗi. Ran nan ya taso daga wurinta ya shigo ɗakina, ya zauna bai tsokane ni ba. Nan na san akwai magana.

"Mairo, mi kinka yi wa yarinyag ga?"

"Mi na yi mata? Wani abu ya same ta?"

"Ta ce wata bakwai ba ki taɓa duban idonta ba. Ta ce ta yi maki sakwara kin zuba wa awaki."

"Awaki! Ni da na suɗe kwanon har da ɗan yatsa?"

"To ita ta gani? Kwano ta gani wankakke, ga awaki na yawo tsakar gida. Garinsu uwar miji gabanki take ci, ta ce gishiri ya yi yawa, ta kira ki ɗiyata, ku yi hwaɗa ku shirya. Ke ko kamar wadda anka ce kar ta taɓa ta."

Na ce masa ai girmamawa ce, ya je ya gaya mata. Ya ce ya gaya mata, mijinta ma ya sha gaya mata, ta ce su maza ne, rufa mini asiri suke yi. Sannan ya faɗi abin da ya tsinka mini gaba. Uwarta ta aiko ta je gida ta haihu, kamar yadda mu ma muke yi a haihuwar fari, saura sati uku. Amma ta ce in ta tafi ba za ta dawo ba. Ba za ta raba mijinta da uwarsa ba, in ji ta, kuma ba za ta yi reno a gidan da ba a son ganinta ba.

"Ba ta yarda da bakin kowa," in ji Idi. "Sai naki."

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Na ji haushin babanku da bai faɗa mini ba, sai kuma na tuna ni na raine shi a kan kada ya kawo mini zancen matarsa. Na ji haushin yarinyar, na ce ita ba ta da ido ne? Daga ƙarshe haushin ya dawo kaina, inda ya dace. A rana ta uku na ɗauki mayafi na ce wa mutanen gida zan je taya Hajo, matar Idi, tsinkar zogale. Na same shi a bakin ƙofarsa bayan tasha, na ce ya koya mini Ingilishi. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"'Yar ƙauyen Zabori za ta yi Angale! Hajo, taho ki ga abin mamaki!"

"Tsohon banza, za ka koya mani ko in tashi?"

"Zamna. Sati ukku ba ya isa a koyi Angale, amma ya isa a koyi kan mota guda. Kin ga kamiyo, babbar mota? Kai guda na. Yau a ɗaura mashi albasa, gobe siminti, jibi shanu. Ki riƙe kan, kaya ba su da wuya."

Kan motar da ya ba ni shi ne "I want to", wato ina so in yi kaza. A bayansa sai ka ɗaura aikin da kake so. "I want to eat", ina so in ci. "I want to sit", ina so in zauna. "I want to pray", ina so in yi salla. Ya ce da wannan kaɗai ya ci abinci ya sami wurin kwana a garuruwan da ba ya jin yarensu. In kuma wani ne kake so ya yi aikin, sai ka saka shi a tsakiya. "I want you to eat", ina so ki ci. "I want you to rest", ina so ki huta. Kowace rana da hantsi muna zaune a kan tabarma, hannuna na tsinkar zogale bakina na biya karatu, Hajo na gefe tana riƙe ciki don dariya. Harshena ya ƙi tsayawa a ƙarshen kalma, sai ya ƙara mata wutsiya. In na ce "wanti" Idi ya ce wannan sai a Zabori. In na ce "resti" ya ce in cire tayar da na ƙara. Tun ina yarinya rabona da dariya irin ta satin nan uku, kuma ban san ina kewar ta ba sai da na same ta.

Na shiga gwadawa a kan duk abin da ba zai ba da labarina ba. Kaji suka zo kan tsabar da na shanya, na ce musu, "I want you to go", suka kuwa watse, na ce ashe kajin Gaya ma sun yi makaranta. A bakin gulbi ina cinikin giwan ruwa bakina ya suɓuce na ce wa Basarken nan "I want to eat", ya dube ni ya tambaye ni da Dendanci ko lafiya nake. Rubutu bai taimake ni ba, don haka Idi ya jera mini su kamar karatun allo, in fara daga ci, in bi ta zama da hutu da barci, in ƙare a kan wadda ta kai ni wurinsa, "I want you to come back", ina so ki dawo. Na haddace su a jere har ina yi a zuci ina tankaɗe.

Wata rana na ce masa, "Idi, babu yadda za a hwaɗa ba ni ba ke? Kamar a ce a ci abinci, a huta, a dawo lahiya?"

"Akwai hanyoyi, amma ba wurina za ki koye su ba. Wata bakwai kina a ajiye, a ɗauka, a sannu. Yarinya ba ta san wa ke so ba, ba ta san wa aka so ba. Wanga karon ke za ki shiga gaba, ki sa ta tsakiya."

A nan na gane ba harshena ne mai taurin ba. Abin da ke gabana shi ne in tsaya gaban matar ɗana in ce ni, ina so, ke. Ko da Hausa ban taɓa haɗa waɗannan uku na faɗa wa wani mahaluki ba, har kakanku da muka yi shekara talatin tare.

Hajo ba ta iya riƙe magana, don haka kafin sati na biyu ya ƙare zancen ya kai Zabori. Yaya Abu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, ta hawo mota ta zo takanas. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Mairo, da girmanki? Za ki tsaya gaban matar ɗanki na hwari ki buɗe baki ki ce kina son ta, da yaren Nasara? Wa kinka gani ya yi haka gidanmu? Da tsohuwa tana raye da wane ido za ki dube ta?"

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Kakata ba ta bar mini gona ko saniya ba, kunyar nan ce kaɗai gadona, da ita aka san ni, da ita nake taƙama a cikin mata. Sai na ji kamar zanen da ta ɗaura mini ne ake so in kwance a bainar jama'a. Yaya Abu ta ce za ta zauna har ranar tafiyar ta ga iyakar rashin ta-idon. Bayan abin da ya faru ta yi Salla biyu ba ta tako gidana ba, kuma har ta koma ga Allah takan ce na zubar da mutuncin gida. Ina faɗa muku wannan don kada ku ɗauka abin a ɓagas ya zo.

Sau biyu na je ƙofar uwarku da niyyar faɗa. Na farko ta ɗaga labule muka yi ido biyu, na ce, "A sannu da aiki", na juya. Na biyu ma ban kai ƙofar ba na karkata wajen rijiya, na ja ruwan da ba na bukata.

Ranar tafiya ta zo. Da safe taksi ta tsaya a ƙofar gida za ta kai su Kamba, daga can su kama babbar hanya, babanku zai raka ta. Ina ɗaki ina leƙe ta gefen labule aka fara fitar da kaya. Mai zuwa haihuwa gida jaka ɗaya take ɗauka, kowa ya sani. Ita kuwa manyan jakunkuna uku aka fitar, da tukwanenta, da keken ɗinkin da ta zo da shi daga garinsu. Matan unguwa suka fito bakin ƙofofinsu suna kallo, ba wadda ba ta gane ba. Direba ya ɗora komai a saman mota ya ja igiya ya ƙulle. Idi ya zo da sandarsa ya jingina da katanga. Yaya Abu tana kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi. Uwarku ta shigo ɗakina, ta durƙusa da ƙyar saboda nauyin ciki, ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta, "Mama, na tafi." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A sauka lafiya." Katanga na faɗa wa. Ta dafa ƙasa ta miƙe ta fita.

Ƙarar rufe ƙofar motar ce ta tashe ni. Ban san na bar takalmi ba sai da ƙasa ta ƙona mini tafin ƙafa. Na wuce Yaya Abu, na ratsa zaure, na fito titi babu mayafi, direba ya riga ya tada mota. Na kama gefen tagar inda take zaune da hannu biyu. Na dube ta cikin ido. Ranar na fara sanin tana da ɗan tabo a saman gira. Na nemi jimlar ƙarshe a kaina na rasa, don a jere na haddace su, ba na iya cirowa daga tsakiya. Sai na fara daga farko, da ƙarfi, kamar mai biya allo.

"I want you to eat. I want you to sit. I want you to rest. I want you to sleep."

Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu, Hajiya ta yi Angale!" Ban waiwaya ba. Ina faɗa ina jin kowace ɗaya gaskiya ce, duk abin da na yi wata bakwai ina so ne ban faɗa ba. Na kai ta ƙarshe.

"I want you to come back. Latifa, I want you to come back."

Ta toshe baki da hannu. Sai kuma Ingilishi ya ɓalle mata, tana yi tana kuka, tana nuna ni tana nuna ƙirjinta, babu tsayawa. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Idi ya koya mini faɗa, bai koya mini ji ba. Na nemi babanku, ashe kunya ta kore shi, ya fita ta ɗaya ƙofar ya koma bayan mota ya sunkuya yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Na juya ga Idi.

"Mi ta ce?"

"Ban jiya ba," in ji tsohon banzan, yana goge ido da hula. "Ta cika sauri."

Na tsaya riƙe da tagar, ban sani ba ko ta yarda, ko laifina take lissafa mini a gaban mutane. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Can sai ta tura ƙofa, na ja da baya, ta fito ta nuna wa direba saman motar. Ya ce yanzu ya gama ƙulli, rana na yi, akwai jami'ai a hanya. Ta sake nunawa. Na ce masa, "Kwance, ɗan nan." Aka sauko da tukwane, aka sauko da jaka biyu, aka sauko da keken ɗinki. Jaka ɗaya ta rage a sama. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har masu kabu-kabu suka tsaya suna tambaya ko biki ake yi.

Maza suka zo za su kama keken na hana. Na naɗa gammo da gefen zanena, na sa aka ɗora mini kansa, na bi bayanta har cikin ɗakinta, wanda rabona da shi tun ranar da na rataya labule. Muka jera kayan tare, ita tana magana da yarenta ni ina amsawa da nawa, muna dariya muna share majina. Da muka fito ta kulle ƙofar, ta kama hannuna ta buɗe shi, ta sa makullin a ciki ta naɗe yatsuna a kansa. Na ɗaure shi a bakin zane. Wata huɗu yana nan, da shi nake salla da shi nake zuwa gulbi, har ranar da na ji sallamarta a zaure da jaririya a baya.